Yadda Mu Ke Gane Mugun Haki A Ƙasar Jabo

Akwai wata ciyawa a ƙasar Amurka ta Arewa wadda labarinta ya yawaita cikin littattafan ilmin tsirrai. Turawa suna ce da ita ragwid, watau ciyawa mai ganye kamar yagaggen tsumma, masana kuwa suna kiranta Ambrosia. Ga ido ba ta da wani kwarjini. Tsawonta bai faye wuce ƙugun mutum ba, jikinta da gashi-gashi, ganyenta a tsattsage kamar na karas, furanninta kuwa ƙanana ne koraye, a jere bisa wata 'yar zangarniya can ƙolinta, kowanne ya sunkuyad da kai ƙasa. Ba ta da abin da za ta yaudari ƙudan zuma da shi, saboda haka iska ce ke ɗaukar mata garin furenta. Ita kuwa ba ta rowarsa, har an ƙiyasta tushe guda ya kan saki ƙwaya wajen miliyan 1,000 kafin ya bushe. Daga watan Agusta zuwa Satumba mutane da yawa a can ba su da aiki sai atishawa da hawaye, masu ciwon fuka kuwa abin ya fi tsananta gare su. Cikin ƙarni na 19 ta ɓuya a irin shuka da a ke kaiwa Turai, yau ga ta nan ta cika kwarin kogin Ron a Faransa, ta kuma mamaye ƙasar Hangari.

Abin da ya sa muka kawo labarinta shi ne wannan. A lokacin da ta ke fure akwai wata ciyawa dabam, mai fure rawaya kamar an watsa zinariya, wadda ita ma ta ke buɗewa a gefen hanya ɗaya da ita. Mutum ya fito yana atishawa, ya ɗaga kai, abin da zai fara gani shi ne rawayan nan, sai ya ɗora mata laifi, har ya sa a sassare ta. Alhali kuwa garin furenta mai nauyi ne mai danƙo, ba ya tashi sai ƙwari sun ɗauka. Mai laifin tana nan tsugune kusa da ita cikin koren tufafinta, ba wanda ya dube ta. Ashe ko a ƙasashen da karatu ya yi zurfi a kan bar jaki a bugi taiki.

To, mu da muka fito daga Jabo, ta ƙasar Tambuwal, ba ragwid ce ta ke hana manomanmu barci ba, amma maganar ta shafe mu ƙwarai. Nan gaba kaɗan za a rarraba mu makarantun ƙauye, kowa da ajinsa, galibi kuma da 'yar gonar makaranta a bayan aji. Yaran da za mu samu 'ya'yan manoma ne da makiyaya, waɗanda tun suna goye su ke zuwa gona. Ranar da yaro ya tumɓuko wani tsiro ya miƙa ya ce, "Malam, mene ne wannan?" in malam ya tsaya kame-kame, kafin magariba labarin ya kai zauren mai gari, daga nan kuwa ko ya yi wa iyayen yaran maganar taki ko ta iri ba mai sauraronsa. Mu roƙi 'yan'uwanmu na Kano da Zariya su yi mana haƙuri, gama mu a gida haki mu ke ce da ciyawa, gero kuwa hatsi, in bakinmu ya suɓuce zuwa gida cikin wannan takarda kada a ce mun ɓata Hausa.

Duk wanda ya yi karatun allo ya riga ya san asalin wannan aiki. Sa'ad da mu ke babbaƙu, malam ya kan nuna mana baƙaƙe biyu masu jiki ɗaya, fa da ƙaf, ba abin da ya raba su sai ɗigo guda, na fa a ƙasa, na ƙaf a sama. Yaron da ya dubi jiki ya ƙyale ɗigo, ranar nan ya sha bulala. Haka tsirrai su ke. Mai wucewa ya hango kore ya ce haki ne, mai sani kuwa sai ya durƙusa ya nemi ɗigon. Ya duba ko ganye biyu-biyu su ke fitowa suna fuskantar juna, ko kuwa ɗai-ɗai suna hawa kamar matakala. Ya murza karan tsakanin yatsunsa ya ji ko mulmulalle ne ko mai kusurwa. Ya murtsuke ganyen ya shinshina. In akwai fure ko 'ya'ya, to, aiki ya yi sauƙi, don su ne ba su faye ƙarya ba, ganye kuwa ya kan sāke kama bisa ga ƙarfin ƙasa da yawan ruwa. Daga ƙarshe ya tona ya ga saiwa, wadda yawancin mutane ke ƙyuyar dubawa, ga shi kuwa wani sa'i nan ne dukan asirin ya ke.

Mu fara da ɗan'uwan ragwid ɗin, wanda ke zaune tare da mu. Masana sun sa ta cikin dangi ɗaya da shuwaka da latas da kashin yawo. Shi kashin yawo ba sai an yi wa kowa dogon bayani ba, duk wanda ya taɓa ratsa bayan gari ba takalmi a lokacin kaka ya san shi. Karansa ya kan rabu biyu, kowane reshe kuma ya sāke rabuwa biyu, ganyensa biyu-biyu masu gashi, ɗan furensa rawaya-rawaya ya ɓuya a tsakiyar rassan. 'Ya'yansa suna haɗa kai kamar tauraro, kowane ɗa da ƙaya biyu dogaye a ka kamar ƙahonin akuya, da waɗansu ƙanana masu ƙugiya a jiki. Kada a gama shi da tsidau, wanda ke shimfiɗe a ƙasa da ganye ƙanana a jere, ko da ƙarangiya, wadda ita dangin hatsi ce mai dogon ganye. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, kashin yawo baƙo ne. Asalinsa ƙasashen Amurka masu zafi, daga can ya ƙetaro teku, ya bi gashin tumaki da jelar shanu da bakin zanen matafiya har ya iso mu. Shi ya sa a kan same shi a bakin kasuwa da burtali da mashayar dabbobi fiye da tsakiyar jeji. Wanda ya sa masa yawo cikin sunansa ya san abin da ya ke faɗi.

Sai kuma waɗansu biyu da suka fi kama da juna, tafasa da rai ɗore, wanda mu ke kira sanga-sanga. Dukansu suna son juji da gefen hanya, dukansu furensu rawaya, tun suna ƙanana kuwa sai mai lura ke raba su. Ga ɗigon. Ganyen tafasa ƙananan kunnuwa 6 ne, 3 nan 3 can, kowanne da faɗi a baki kamar cokali, in rana ta fāɗi kuma sai su rufe su yi barci. Na sanga-sanga sun kan kai 8 ko 10, masu tsini kamar māshi, warinsu kuma ya fi ƙarfi. Kwanson tafasa siriri ne dogo, a lanƙwashe kamar lauje, na sanga-sanga kuwa ya fi faɗi, a ɗan daɓe. Bambancin nan ba na wasa ba ne. Tafasa ita ce ke riƙe gidaje da yawa cikin marka, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi bai nuna ba, a dafa ta a kwaɗa da ƙuli-ƙuli a ci a kwana. Sanga-sanga kuwa sai dai masu magani su ɗiba da awo, 'ya'yansa kuma in sun yi yawa cikin abincin dabba suna cutad da ita. Yarinyar da aka aika tsinko ganye ta san wannan tun ba ta kai shekara 7 ba, ba kuwa a littafi ta gani ba.

Amma duk waɗannan ƙananan alhaki ne in an gwada su da ƙuduji, wanda waɗansu ke kira wuta-wuta, masana kuwa Striga. In ka bi hanyar Sakkwato ta Boɗinga da Shagari ka nufo Tambuwal a ƙarshen damina, za ka ga waɗansu gonaki sun yi ja-ja kamar an shimfiɗa musu sabon zane. Baƙo ya gani ya ce kai, wannan fure da kyau ya ke. Mai gonar kuwa in ya dube shi, lissafin watan da rumbunsa zai ƙare ya ke yi, da ko wane ɗa zai tura cin rani bana.

A hutun damina mun bi wani dattijo maƙwabcinmu zuwa gonarsa ta tudu, muka roƙe shi ya nuna mana abin tun daga tushe. Bai kai mu wurin furen ba. Ya wuce da mu can wani gefe inda ba a ga ko tsiro ɗaya na ƙuduji ba, ya tsaya kan wani gindin hatsi da ya tsugune bai kai 'yan'uwansa ba, ganyensa ya yi ɗige-ɗigen rawaya ya nannaɗe kamar an yi kwana 20 ba ruwa, alhali jiya-jiya aka yi ruwa, ƙasa sharkaf. Muka ce, "Baba, ai nan ba kome." Ya ce, "Ɗiyana, ku dai riƙa mini ƙwaryag ga." Ya sa hauya ya haƙo gindin da ƙasarsa, ya tsoma cikin ruwan ƙwarya ya girgiza a hankali har ƙasar ta zube. Sai ga waɗansu 'yan farare kamar haƙoran jariri manne da saiwar hatsin, wani ya yi tsawon gaɓar yatsa, wani bai kai ba. Ya ce, "Kun gane shi? Wanga haki ba ya da saye nai, na hatsi ya ka sha. Randa kuka ga hure, ya gama cin abin da za ya ci."

Abin da dattijon nan ya faɗi cikin kalmomi kaɗan shi ne masana suka tabbatar bayan doguwar wahala. Irin ƙuduji ƙanƙane ne kamar ƙura, in ka zuba shi a tafin hannu sai ka ce garin taba ne. Tushe guda ya kan zubad da ƙwaya fiye da 50,000, kowace kuwa tana iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara 10 ba ta mutu ba. Ruwan sama kaɗai ba ya tsirad da ita. Sai saiwar hatsi ko ta dawa ko ta masara ta zo dab da ita, ta ji wani ɗan ruwa da saiwar ke fitarwa, sa'an nan ta farka ta miƙa baki ta kama. Daga nan ta yi ta tsotson ruwa da abinci a ɓoye har wata guda ko fiye, kafin ta huda ƙasa ta fito. A shekarar 1966 ne waɗansu masana a Amurka suka fara tace irin wannan ruwa mai tashe ta, daga saiwar auduga suka same shi. Dalilin da ya sa suka damu kuwa, a 1956 an ga wani ɗan'uwan ƙuduji mai jan fure ya ɓulla cikin gonakin masara a jihohin Karolina, hankalin hukuma ya tashi, aka hana fitad da ƙasa da amfanin gona daga wuraren sai an duba, aka yi shekaru masu yawa ana yaƙi da shi da kuɗi mai yawa. Mun karɓi kashin yawo daga wancan gefen teku, su kuma sun ɗanɗana abin da mu ke sha. Ba mu ce an yi ragas ba, amma dai kowa ya san zafin baƙon haki.

In ya fito fili ga kamanninsa. Karansa a miƙe ya ke, mai kusurwa 4 in ka murza, tsawonsa daga kamu ɗaya zuwa biyu. Ganyensa sirara ne dogaye, biyu-biyu, in ka shafa sai ka ji kaushi kamar harshen kyanwa. Wannan kaushin shi ne babbar shaida tun bai yi fure ba, ko da dare ka taɓa shi ka gane. Furensa ja ne mai haske, wani ya kan ɗauko shuni-shuni, da ɗan wuya a tanƙware kamar lofe, suna buɗewa daga ƙasa suna hawa sama. In ka tuge shi ba ya gardama, don ba shi da doguwar saiwa, sai 'yan guntaye fararen zare. In kuma ka yar da shi ya bushe, baƙi ƙirin ya ke komawa kamar wuta ta bi ta kansa.

A nan ma akwai mai kama da wane. Karkashi da yauɗo su ma suna tsirowa tsakanin kunyoyi, su ma furensu ya kan yi ja-ja mai shuni, mata kuwa da gangan su ke barinsu saboda miya. Malamin da ya saki yara 30 cikin gonar mutane ya ce su tuge duk mai jan fure, ya jawo wa kansa faɗa da matan gari, ba kuwa zai yi nasara ba. Furen karkashi babba ne, yana rataye kamar ƙararrawa, ɗai-ɗai a hammatar ganye. Ganyensa da faɗi, in ka murtsuke shi da ɗan ruwa sai ya yi yauƙi. Saiwarsa tasa ce, ta nutse ƙasa sosai, sai ka yi da gaske ta fito. Gwaji ɗaya da yatsa ya isa: mai yauƙi na tukunya ne, mai kaushi na wuta.

Wake ma yana da nasa ƙudujin dabam. Shi gajere ne, ba ya faye wuce taƙi guda ba, yana fitowa cunkus daga gindi ɗaya kamar tsintsiya, jikinsa da kauri, ganyensa 'yan mitsi-mitsi manne da kara, furensa ƙanƙane fari-fari ko shuɗi-shuɗi. Na hatsi ba ya kama wake, na wake kuma ba ya kama hatsi.

Wannan magana ta ƙarshe ita ce ƙofar magani. Akwai shuke-shuken da saiwarsu ke tashin irin ƙudujin hatsi daga barci, amma in ya miƙa baki ba ya samun wurin kamawa, cikin 'yan kwanaki sai ya mutu da yunwa. Auduga tana yin haka, gyaɗa da waken suya su ma suna yi. Saboda haka gonar da ya ci ƙarfinta, in aka huta da shuka hatsi aka juya ta zuwa waɗannan, kowace shekara irin da ke kwance yana raguwa. Tsofaffinmu sun ce ƙuduji alamar gajiyar ƙasa ne, gaskiyarsu kuwa, don ya fi ƙarfi a jigawar da aka daɗe ana nomawa ba hutu ba taki. Shi ya sa gonakin da ke kusa da gari, inda a ke zuba shara da kashin awaki, da waɗanda Fulani suka kwana da shanu cikinsu da rani, suka fi samun sauƙinsa. Masu binciken aikin gona na Samaru, kusa da Zariya, da na Ibadan sun kuma fitad da irin dawa da masara da wake masu jure masa, ya kamata kowane malami ya san inda a ke samunsu a gundumarsa.

Sai dai mu a ganinmu, abin da ya fi kusa da hannun malamin ƙauye shi ne tugewa a kan kari, kuma a nan ne a ke yawan kuskure. Mutum ya gama maimai ya jingine hauya, ƙuduji kuwa sa'an nan ya ke fitowa. In ya yi fure, 'yan makonni kaɗan sun isa kwansonsa ya nuna ya fashe. Waɗansu su kan tuge shi da furensa su yar a cikin kunya, ba su san ko a kwance ya ke 'ya'yan da suka fara ƙosawa suna ƙarasa nuna ba. Tilas a tara shi cikin kwando a fitad da shi bakin gona a ƙone, kada kuma a bari dabbobi su bi ta kansa su kai shi gaba. Wanda ya tuge bana ba zai ga ladansa cikin damman bana ba, gama ɓarnar ta riga ta auku a ƙarƙashin ƙasa, wannan kuwa shi ke kashe wa mutane jiki. Aikin na baɗi ne da na shekarun da ke bayanta. Haka nan mutum ɗaya ba ya iyawa, in maƙwabcinsa ya bar nasa ya yi 'ya'ya, iskar hunturu da ruwan shekara mai zuwa ba su san iyakar gona ba. Magana ce ta mai unguwa da mai gari, har ta kai gaban Sarkin Burmi in ta kama.

Game da rubuta sunaye, akwai wanda ya riga mu. Wani likita mutumin Sikotilan, Dalziel, ya yi aiki a Nijeriya ta Arewa a farkon ƙarni na 20, duk inda ya sauka sai ya tara tsirrai ya tambayi mutanen wurin sunansu. A 1916 ya buga littafin sunayen tsirrai na Hausa, a 1937 kuma ya fitad da wani babba a kan amfanin tsirran Afirka ta Yamma. Littattafan nan abin yabo ne, amma mu tuna sunayen da ke ciki daga bakin manoma da maharba da makiyaya da masu magani suka fito, irin dattijon nan namu, waɗanda ba a rubuta sunan ko ɗaya a bangon littafi ba. Har yanzu kuma akwai saura da yawa a bakinsu. Tsakanin Jabo da Dogon Daji da fadamun Kebbe kaɗai, haki ɗaya ya kan amsa suna biyu, Bafillace kuma yana da nasa na uku.

Mun fara tara namu a ɗakin karatu, aikin kuwa ba wuya. A tono tsiron duka da saiwarsa da furensa, a kakkaɓe ƙasa, a shimfiɗa shi tsakanin tsofaffin jaridu, a ɗora katako a danne da dutse. Kowace safiya a sāke takardun, in ba haka ba cikin laimar damina ya yi funfuna. Bayan kamar kwana 10 ya bushe, a manna shi bisa takarda mai kauri, a rubuta sunansa da garin da aka samo shi da watan, da irin ƙasar, jigawa ce ko fadama, da abin da mutanen wurin suka ce yana yi. Muna roƙon 'yan'uwanmu na Katsina da Gwandu da Argungu da sauran wurare, in sun komo daga hutu kowa ya riƙo abin da ya samu, musamman sunan da a ke kiran ƙuduji da shi a garinsu. Wanda zai kawo shi ya zo da saiwar hatsin da ya kama, ya kuma rubuta launin furen tun yana ɗanye, don in ya kwana biyu cikin takarda ba abin da za a gani sai baƙi.